Tacho Bencomo da Talotalon Likita

A duk tsaunukan da ke tsakanin Yecora da iyakar Chihuahua, babu wanda ya kai Anastasio Bencomo sanin talotalon daji, babu kuma wanda ya kai shi rashin iya harbinsa. Tacho ake ce masa. Gajere ne, ƙafafunsa a lanƙwashe kamar a kan alfadari aka haife shi, kuma kansa kullum a sunkuye. Baƙo idan ya gan shi sai ya ce ga mutum mai kunya. Ba kunya ba ce, ƙasa yake karantawa.

A Los Alisos aka haife shi, ƙauye mai gidaje talatin da 'yan kai a bakin rafi. Ubansa itace yake sarowa yana ɗorawa alfadarai. Tacho ya yi shekara goma sha ɗaya a injin tsaga katako, har ranar da aka wayi gari injin a rufe, masu shi sun kama gabansu. A lokacin ya riga ya auri Hermelinda, wadda kowa ke kira Mela, mace doguwa mai kiwon kaji da talotalon gida, mai magana ɗaya. Gidansu ne na ƙarshe a ƙauyen, bayansa sai rafi sai daji. Shi yana ce mata Tsohuwa, ita tana ce masa Tsoho, tun ba su kai talatin ba.

A shekarun fari, da shanun Don Gumersindo Arvizu suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa, sai dattijon ya gano cewa akwai mutane a birni da tsallaken iyaka waɗanda za su yi tafiyar kwana biyu don kawai su harbi talotalon daji. Wasunsu ma ba da bindiga ba, da kwari da baka. Sai ya share tsohon ɗakin ajiyar sirdi, ya zuba gadaje huɗu, ya ɗauki Tacho ya riƙa raka baƙi cikin dajinsa.

A shekara ta biyu wani baƙo ya bar wa Tacho bakansa kyauta, irin na zamani mai 'yan tayoyi a kowane kai. Tacho ya yi wata guda yana koyo a jikin buhun ciyawa. Ranar da ya ji ya ƙware, ya tafi wajen tankin roba da shanu ke shan ruwa, inda talotalo ke sauka da hantsi. Ya kira wani ƙaton namiji har ya zo taku goma sha biyu daga gabansa. Ya ja, ya saki. Kibiya ta wuce tsuntsun da kamu uku ta shige cikin tankin. Ruwan da aka yi kwana huɗu ana jidowa da mota ya fara tsiyaya, talotalon ya juyo ya sha ya ƙoshi, sannan ya tafi abinsa. A fita ta biyu sirdin alfadarinsa ya samu, Allah ya taimaka alfadarin ba ya ciki.

Don Gumersindo ya kira shi ya ce, "Tacho, ka rataye bakan nan tun muna da sauran ruwa."

Ya rataye. Amma a nan ne aka gane abin da Allah ya yi shi dominsa.

Talotalon daji idan ya kumbura ya buɗe wutsiya sai ka ce ganga, amma rabinsa gashi ne da iska. Inda kibiya za ta kwantar da shi nan take bai wuce girman lemo ba. Sau da yawa kibiya ta ratsa shi ta fita, ya tashi ya ruga kamar ba a yi ba. Kuma ba ya zubar da jini kamar barewa, gashinsa ke shanye shi. Maharbi sai ya tsaya da baka a hannu yana kallon daji, tsuntsunsa yana can wani wuri yana mutuwa a banza. Wannan shi ne abin da Tacho ba ya iya jurewa. Ya ce wanda ya sa wa dabba ƙarfe a jiki, ba shi da izinin cin abinci sai ya gano ta.

Yana da tsarinsa, kuma tsarin yana haukata baƙi. Da an yi harbi tsuntsu ya gudu, sai Tacho ya rufe ido ya saurari inda ƙarar fiffike ta ƙare. Sannan ya zauna a kan dutse, ya buɗe gorar kofi, ya fito da tortiya, wato wainar masara, da wake daga aljihu. Maharbi na tsalle yana nuna daji, shi yana tauna.

"Zauna, maigida," yakan ce. "Mai ciwo gado yake nema. In ka bi shi yanzu sai ya manta da ciwon ya tuna da ƙafafunsa."

Sai an yi rabin awa zai tashi. Ya ɗauki kibiyar ya sansana, ya duba irin gashin da ya manne mata, ya faɗa maka ko cinya ce, ko ƙirji, ko hanji. Daga nan ya sunkuya ya shiga daji. Ya taɓa zaro talotalo daga ƙarƙashin saiwar itace, daga bakin tsohon ramin ma'adinai, daga cikin tarin ganyen da mutum huɗu suka taka suka wuce. Akwai ranar da shi da dila suka iso kan tsuntsu ɗaya a lokaci guda, kowa ya kama gefe, Tacho yana zagi dila yana gurnani, har dilan ya haƙura da wutsiya. A shekara ashirin da biyu tsuntsu biyu kawai suka ɓace masa. Shi ba ya maganarsu. Mela ce ke tuna masa da su duk ranar da suka yi faɗa.

A watan Afrilu na shekarar da ya cika hamsin da takwas, Likita Leobardo Urquijo ya zo karo na huɗu. Likitan haƙori ne daga Hermosillo, mutum mai jiki, mai taushin murya, wanda ya zo shekara uku a jere ya koma hannu rabbana. Yakan sa kayan farauta masu zanen ganye tun daga hula har takalmi, sai ka ce kurmi ne ya tashi yana tafiya, sannan ya fesa turaren da ake jiyowa daga tsallaken kwari. Tacho yana son shi, don bai taɓa ɗora wa iska ko baka laifin kuskurensa ba.

A wannan shekarar akwai wani tsohon talotalo namiji a kan tudun da ke sama da Los Alisos, gemunsa har yana jan ƙasa. Makiyaya sun sa masa suna Gwamna, saboda muryarsa kowa ya sani, amma ba a ganinsa sai yana son wani abu. Tacho ya yi mako biyar yana fita da asuba yana nazarinsa. Ya san itacen da yake kwana, ya san inda yake sauka. Abin da ya gagare shi shi ne inda tsuntsun yake ɓacewa daga hantsi zuwa azahar.

Ranar Talata gari na wayewa suna zaune a cikin 'yar bukkar ganye. Tacho ya sa ƙashin fiffiken da yake kira da shi a baki, ya tsotsa, ya yi kukan macen talotalo, a hankali, kamar wadda ba ta damu ba. Gwamna ya amsa daga sama har kwarin ya ɗauka. Bayan 'yan mintoci sai ga shi, ya kumbura, fikafikai suna sharar ƙasa, kansa ya yi fari da ja, yana taku ɗaya-ɗaya.

Mutumin da ya cire haƙora dubu bai taɓa kuskure ba, ranar nan ya kasa tsayar da kibiya wuri ɗaya. Likita ya ja, ya riƙe, ya riƙe, har Tacho ya fara addu'a, sannan ya saki. Kibiya ta shiga sama, wajen gindin fiffike, ta tsaya a ciki. Gwamna ya wuntsila sau biyu, ya miƙe, ya ruga zuwa bakin gangare, ya buɗe fikafikai ya sulale cikin kwari da kibiya a jikinsa.

"Na same shi," in ji Likita da wata 'yar murya. "Don Tacho, na same shi ko?"

"Ka same shi, Likita. Zauna."

"Ya mutu?"

"Wanda ya mutu ba ya tashi sama. Ga kofi."

Likita ya karɓi kofin ya zubar da rabi a wandonsa. Ya yi rabin awar nan yana duba agogo kamar mai jiran haihuwa.

Suka gangara. Babu kibiyar da za a sansana, tunda mai ita ya tafi da ita. Sai da Tacho ya yi awa biyu yana kewaye a gindin kwarin kafin ya ga inda tsuntsun ya dira: ganye a tarwatse, gashi uku, da wani siririn layi a ƙasa inda gindin kibiyar ke ja. Wannan layin suka bi. Yakan ɓace a kan duwatsu, Tacho ya durƙusa ya yi rarrafe har ya ga ɗigon jini kamar ƙwayar gero, su ci gaba. Rana ta take. Sababbin takalman Likita suka fara cin sa, ya koma tafiya kamar mai taka ƙaya, amma bai ce a koma ba.

Abin da ya dami Tacho daban ne. Tsuntsu mai rauni kurmi yake nema, mafi kusa, ya shige ya lafe. Wannan kuwa ya wuce kurmi biyar masu kyau, ko kallonsu bai yi ba. Yana tafiya miƙe kamar wanda ya san inda za shi. Ya bi rafi, ya tsallaka a inda mata ke tsallakawa, ya hau 'yar hanyar awaki. Tacho ya ɗaga kai, abin da ba ya cika yi ba, sai ya ga rufin kwanon da ya sani, da hayaƙi yana fita.

"Akwai gida a can," in ji Likita. "Ko za mu roƙi ruwa? Ka san masu shi?"

"Na ɗan san su," in ji Tacho.

Layin kibiyar ya bi ta ɓarakar shingen da Mela ta yi shekara biyu tana ce masa ya gyara. Suka sunkuya suka bi ta nan, don Tacho bai taɓa barin sawu ya bi ta ƙofa ba.

Mela na zaune a kan kujera a tsakar gida. A cinyarta ga Gwamna, an naɗe shi cikin rigar da Tacho ke zuwa coci da ita, an zura masa safa a ka don kada ya ga komai. Kibiyar tana jingine da bango gida biyu, an datse ta da filaya. Kusa da ƙafarta ga allura da zare, ga kuma kwalbar bakanora, giyar da Tacho ya ɓoye a cikin buhun masara yana ganin babu wanda ya sani, saura kaɗan a ciki.

"Sannunku," in ji ta. "Ku yi magana a hankali, yanzu ya samu barci."

Tacho ya cire hula ya mayar. "Tsohuwa, wannan tsuntsun Likita ne."

"Da sunansa a jiki?"

"Da kibiyarsa."

"Ga kibiyarsa can, ya ɗauka. Barka da zuwa, Likita, ka yi haƙuri na karya maka ita."

"Tun safe muke bin sa, Tsohuwa. Na daji ne. Akwai takardar gwamnati a kansa."

"Na daji ne a wajenka. Ni tun watan Maris yake cin masarata." Ta gyara wa tsuntsun riga. "Kullum kai ka fita ta ƙofar gaba da asuba kana nemansa a kan tudu, shi kuma da hantsi ya shigo ta baya wajen 'yan matana, matan talotalona. Yana nan har azahar. Ƙwai goma sha tara da suke kwance a kai yanzu, na wa kake tsammani? Wancan ragon talotalon nawa da ko tsayuwa ba ya iya yi?"

Tacho ya dubi ƙasan tsakar gidansa. Ga su nan, ko'ina, sawu manya-manya masu dogon yatsan tsakiya, tsofaffi da sababbi, har a bakin ƙofar ɗakin girki. Mako biyar yana taka su da duhun asuba, ya dawo da yamma a gajiye ya sake taka su.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Ka tambaye ni? Kai ne masani. Kuma da na faɗa, da tsakar gidana za ka kawo baƙi su kafa bukka." Ta juya ga Likita. "Likita, ba rowa nake yi maka ba. In talotalo kake so, ga nawa can, kama wanda ka ga dama. Amma wannan surukina ne, kuma da ƙafarsa ya kawo kansa. Ba a yanka suruki a gidan nan, ko da ya cancanta."

Likita ya buɗe baki zai yi magana, sai ta tura masa kujera da ƙafa, ta ce ya cire takalman nan kafin su ƙarasa shi. Kafin ya farga ƙafafunsa suna cikin kwanon ruwan ɗumi da gishiri, hannunsa ɗaya da kofi, ɗaya da tortiya mai zafi. Mutum ba ya iya neman haƙƙinsa a wannan hali. Ya yi ƙoƙari duk da haka. Ya yi maganar shekara huɗu, da abokansa na Hermosillo da suke tambayarsa kullum ko talotalon ya ba shi adireshi. Mela ta saurara har ya gama, ta ƙara masa wake.

Can sai ya ce, "Bari in ga ɗinkin."

Ta buɗe rigar. Likita ya sa tabarau ya duba, ya girgiza kai.

"Doña Mela, wannan ɗinkin buhu ne. Kuma akwai gashi a cikin ciwon, zai ruɓe. Don Tacho, miƙo mini jakata, akwai 'yar akwatin magani a aljihun gefe."

Haka Tacho ya tsinci kansa yana riƙe da ƙafafun tsuntsun da ya yini yana bi, Mela ta riƙe fiffike, Likita ya warware ɗinkin, ya wanke, ya tsince gashin ɗaya bayan ɗaya, ya sake ɗinkewa. Hannunsa ko rawa bai yi ba. Har yana ce wa tsuntsun, "Saura kaɗan, kada ka ji tsoro," kamar yadda ya saba. Da ya ƙulle zaren ƙarshe, ya zauna ya daɗe yana kallon aikinsa.

"To, Likita," in ji Tacho a hankali, "yanzu yaya za a yi?"

"Yaya kuwa? Ya zama majinyacina. Shekara talatin ina aiki ban taɓa kashe majinyaci ba." Ya cire tabarau. "Da gangan."

Abu ɗaya ya roƙa, hoto. Aka ɗora Gwamna a kan kututture, Likita ya durƙusa a bayansa da baka, ya buɗe masa wutsiya kamar yadda maharba ke yi, ƙafafunsa babu takalmi amma an ce ba za su fito ba. Tacho ya riƙe wayar Likita. Mela ta zare safar ta ja da baya. Hoton farko ya yi kyau, in ba ka lura da cewa mataccen yana hararar mai ɗauka ba. Na biyu babu kowa a ciki sai gashi da tafin ƙafar Likita. Na ukun sama ce kawai, domin a lokacin Gwamna ya riga ya iso kan Tacho.

Labari ya riga Tacho isa kantin ƙauye. Aka yi mako guda ana gardama a bencin ƙofar kantin: shin wannan tsuntsu an gano shi, ko ya zama na uku da ya ɓace? Masu cewa ya ɓace suka ce ai ba a kawo shi a kafaɗa ba. Masu cewa an gano shi suka ce ai har gida aka bi shi, gidan ma na mai bin. Wani ya ce a shekara mai zuwa a ba Mela aikin, a bar Tacho ya kula da kaji. Don Gumersindo ne ya raba gardamar. Ya ce an gano shi, amma kada a ƙara ba baƙi labarin.

Gwamna bai ƙara tashi sama sosai ba, fiffiken ya warke a karkace. Ya zauna a gidan, ya kori namijin talotalon Mela zuwa bayan murhu, ya riƙa kwana a kan rufin ɗakin kaji. Yana cin masara a tafin hannun Mela. Likita da ya dawo a shekara ta gaba, har Gwamna ya bari ya duba tabon. Mutum ɗaya kawai ya tsana a duniya. Ko muryar macen ƙaryar nan ya gane, ko riƙon ƙafafun ne bai yafe ba, Allah kaɗai ya sani. Da Tacho ya fito zai zaga bayan gida, sai ya ji takun nan a bayansa. Shekara uku mutumin da ya yi kokawa da dila yana zuwa bayan gida da murfin tukunya a hannu.

Ƙwan nan goma sha tara, goma sha huɗu suka ƙyanƙyashe. 'Ya'yan suka fito dogayen ƙafafu, marasa kunya, ba sa kwana sai a ƙololuwar itace. Suna cin abincin gida kamar na gida, amma da Kirsimeti ta matso sai su tuna cewa ubansu ɗan daji ne, su haye tudu sai Janairu. Har yau talotalon Los Alisos haka suke, kuma maƙwabta sun san wanda suke zagi.

Wata safiya mai sanyi aka tarar da Gwamna a ƙasa, tsufa ya gama aikinsa. Mela ta ce ba za a jefa wa karnuka ba, a binne shi a gindin itacen tuffa. Wurin duk dutse ne. Tacho ya yi rabin yini yana haƙa, yana haki, yana cewa ko a mace sai da tsuntsun nan ya sa shi aiki. Da ya gama ya tsaya a kan ramin fiye da yadda ake bukata, har Mela ta leƙo ta ce abinci na hucewa.

Yanzu ya haura saba'in, gwiwoyi sun ƙi hawan tudu. 'Yarsu da ke aure a Obregon ta saya masa waya mai manyan lambobi. A watan Afrilu yakan zauna a ƙofar gida da ita a aljihun riga. Idan tsuntsu ya gudu da rauni, masu raka baƙi sukan hau inda waya ke kamawa su kira shi. Sai ya tambaye su a ina aka harba, wane irin gashi ne a kibiyar, ta wane gefe ya tashi, sau nawa ya kaɗa fiffike. Sannan ya ce su zauna su sha kofi, su sake kiran sa bayan rabin awa. In sun kira, ya ce su gangara rafi, su bi hannun hagu, akwai wani itace da ambaliya ta kayar shekara tara da suka wuce, su leƙa ƙarƙashinsa. Yawanci yana nan. Idan ba ya nan, Tacho yakan ce ba su leƙa da kyau ba, su koma, kuma kada wanda ya ci abinci.